Masu zama Kanada a taimaka, garin Churchill ya cancanci wahalar zuwa?

Tsohuwar Malama (Bauchi):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Kanada musamman ɓangaren Manitoba. Ɗana na fari yana Winnipeg da iyalinsa, ya gama karatu ya samu aiki, shine ya matsa lallai sai na zo na ga jikokina tunda yanzu na yi ritaya ba ni da sauran uzuri. Biza ta fito Alhamdulillah abin da ya rage sa rana ne, ya ce in zaɓa ko dai Yuli zuwa Agusta ko kuma Oktoba zuwa Nuwamba dan lokutan ne zai iya ɗaukar hutu a wajen aiki.

To cikin hirar ne ya ce yana so ya kai ni wani ɗan gari can arewa a bakin teku wai shi Churchill inda ake ganin farin beyar ɗin nan na ƙasar ƙanƙara, shima bai taɓa zuwa ba. Ni kuma labarin ƙasa na koyar tsawon aikina a sakandare, na sha zana tekun Hudson a allo ina yi wa yara bayanin yankin da ƙasa ke daskarewa bishiya ba ta girma, wallahi raina yana so in gani da idona kafin ƙarfi ya ƙare. Amma ina da ciwon gwiwa kuma ko sanyin Jos ba na jurewa. Me ake gani a garin tsakani da Allah? Wane lokaci ya fi? Dabbobin ba sa cutar da mutane? Sannan sallah da abinci fa. Bana son yaron nan ya zubar da kuɗinsa a banza yana da ƙananan yara.

Ɗan Gombe a Manitoba:

Wa alaikumus salam Mama, Allah ya sa albarka a ritaya ya kawo ki lafiya. Ni nan Winnipeg ɗin nake kuma na je Churchill da bazarar su, bari in faɗa miki abin da na sani.

Abu na farko da ya kamata ku gane ke da shi, garin nan abubuwa uku ake zuwa gani kuma kowanne da lokacin sa, ba a haɗa su a tafiya ɗaya. Beyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Beluga, wato fararen dabbobin tekun nan, Yuli da Agusta. Hasken arewa da ke rawa a sama kuma Fabrairu da Maris ya fi fitowa tas. Mutane da yawa suna kallon bidiyo a YouTube an haɗa musu duka ukun cikin minti biyar sai su ɗauka haka za su tarar, su je su dawo suna ƙorafi. Dan haka zaɓen watan ki shine zaɓen abin da za ki gani.

Garin kansa ƙarami ne sosai, ƙidayar 2021 mutum 870 ta samu, yana daidai inda kogin Churchill ya faɗa tekun Hudson. Babu titin mota da ya kai can ko ɗaya, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa. Na sama daga Winnipeg awa biyu da ɗan wani abu ne, tazarar kusan kilomita 1,000, amma tikitin sa akwai tsada gaskiya. Na ƙasa na kamfanin Via Rail ne, layin kusan kilomita 1,700, kwana biyu ake yi a hanya ta garuruwan The Pas da Thompson da Gillam. Wasu kuma su tuƙa mota zuwa Thompson su ajiye ta su hau jirgin daga nan a kwana ɗaya a ciki. Tunda ke malamar labarin ƙasa ce ina roƙon ki ko da tafiya ɗaya ce ki yi ta a jirgin ƙasa, dan duk abin da kika koyar za ki gan shi ta taga yana canzawa a hankali, daga gonakin alkama a shiga dajin bishiyoyi masu tsini da tafkuna ba iyaka, can sai bishiyoyin su fara gajarta suna sirancewa har ki ga wasu rassan su gefe ɗaya kawai suke saboda iskar teku ta cinye ɗaya gefen, daga nan sai fili fetal. Akwai tsofaffin turakun waya a gefen layin da aka kafa su ƙafa uku-uku saboda ƙasar a daskare take a ciki sama kuma tana narkewa tana motsi, turke ɗaya ba ya tsayuwa. Wannan motsin ƙasar ne yasa jirgin ke rarrafe a wasu wuraren, kar ku sa wani abu mai muhimmanci daf da lokacin isowa. Tun 1929 aka gama layin saboda fitar da hatsi ta tashar jirgin ruwan garin, kuma a 2017 ambaliya ta wanke shi garin ya zauna sama da shekara ba jirgin ƙasa sai ƙarshen 2018, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, har yau in kika zauna da mutanen garin sai sun kawo zancen.

Yanzu beluga. Mama ni ban san me zan ce miki ba sai Subhanallah. Idan ƙanƙarar teku ta narke dubbai ne ke shigowa bakin kogin saboda ruwan ya fi ɗumi, da 'ya'yan su. Manyan farare sol, tsawon su ya kai mita 4, ƙananan kuma ruwan toka suke sai sun girma suke fari, kuma ba kifi bane numfashi suke a sama suna shayar da 'ya'yan su nono. Ana fita da ku a kwale-kwale mai inji, ba ku ke bin su ba su ke biyo ku. Wata ta zo daf da gefen da nake da ɗan ta manne a jikin ta, ta juyo da wuya ta kalle ni da ido ɗaya sannan ta fesar da numfashi har feshin ya taɓa min hannu. Mai jirgin ya zura wata na'ura cikin ruwa ya kunna sifika sai ga kukan su, fito da ƙyasƙyas da wani irin tsuwa kala-kala duk a lokaci ɗaya, kowa a jirgin ya yi tsit. Matasa suna shiga ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya su yi tuƙi a tsakiyar su amma ke babban za ki hau mai benci.

A fita ɗaya ɗin ake tsallakawa da ku ɗaya gaɓar kogin wajen ganuwar dutse ta Prince of Wales, kamfanin Hudson's Bay na Turawan Ingila masu cinikin fatu ne suka fara ginin ta a 1731 aka ɗau shekara 40 ana yi, da igwa wajen 40 a kan bango, amma da jiragen yaƙin Faransa guda 3 suka iso a 1782 gwamnan wajen Samuel Hearne mutum 39 kawai gare shi, ya miƙa wuya ba a harba ko ɗaya ba. Igwogin na nan kwance har yanzu. Akwai ɗan tafiyar ƙafa daga bakin ruwa zuwa ƙofar, ki riƙe sanda.

Sauran abubuwa kuma akwai gidan tarihi na Itsanitaq mai sassaƙe-sassaƙen dutse da ƙashi da haure na Inuit, wata ƙabila ta mutanen asalin yankin, ƙarami ne amma za ki daɗe a ciki, akwai Cape Merry, wani tsinin duwatsu a bakin kogin, akwai wani jirgin kaya da ya faɗi kan duwatsu a 1979 suna ce masa Miss Piggy, da jirgin ruwan Ithaca da ya maƙale tun 1960, da zane-zanen bango a ko ina cikin gari. Ni dai shawara ta Yuli, saboda gwiwa da sanyi. Sai dai sauro, ki ce ya sayi ragar rufe fuska da maganin shafawa, sauron can ba ya sa maleriya amma yawan sa ya wuce misali.

Nas Bajoga:

Hamma ka yi bayani mai kyau amma ni ban yarda a cire mata Oktoba haka da sauƙi ba, ita fa beyar ta tambaya. Mama ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce na yi aiki a arewacin Manitoba kuma na shiga Churchill lokacin beyar.

Dalilin taruwar su a wajen shine abincin su wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil, kuma a kan ƙanƙarar teku suke farautar ta. Idan teku ta narke wajen Yuli dole su fito tudu su yi watanni kusan ba ci sai kitsen jikin su, to gaɓar Churchill na daga inda ƙanƙara ke fara kamawa saboda ruwan kogi marar gishiri da ke shiga wajen da kuma yadda iska ke turo ƙanƙarar, shine suke zuwa su zauna jira. Ranar da teku ta daskare kuwa cikin 'yan kwanaki za ki neme su ki rasa, shi yasa wanda ya je ƙarshen Nuwamba zai iya yin asara.

Kallon su ba da ƙafa ake yi ba dan haka gwiwa ba matsala bace. Wata mota ce suke ce wa Tundra Buggy, kamar an ɗauki doguwar bas an ɗora ta kan tayoyin tarakta, a ciki akwai hita da banɗaki da shayi, a baya kuma baranda mai ƙasan ƙarfe raga-raga. Wuni guda ake yi a ciki. Wani namijin beyar ya taso ya miƙe tsaye ya dafa jikin motar mu yana shinshina, ina ganin baƙin hancin sa yana motsi da tururin numfashin sa, tafin hannun nan da farata, manyan mazan suna haura kilo 500. Gashin ma ba fari tas bane yana da ɗan ruwan ɗorawa. Mun ga matasan maza biyu suna kokawa a tsaye, mun ga uwa da 'ya'ya biyu ta sa su a bayan ta tana kauce wa namiji dan yana iya kashe su.

Maganar haɗari kuwa gaskiya ce ba wasa ba amma garin sun tsara abin su. Akwai jami'an da aikin su kenan dare da rana a lokacin, in beyar ya doso gari su kore shi da harsashi mai ƙara, in ya ƙi ji a kama shi da tarko a kai shi wani gida mai ɗaki 28 da suke kira kurkukun beyar, an buɗe shi 1982. Ba a ba shi abinci sai ruwa ko ƙanƙara dan kar ya saba cewa wajen mutane akwai ci, har zuwa kwana 30, sannan a sa masa allurar barci a ɗauke shi cikin raga da helikwafta a kai shi nesa. Ƙarfe goma na dare jiniya ke kaɗawa, kuma mutane ba sa kulle motocin su saboda wanda ya yi kiciɓis da beyar ya samu wajen faɗawa. Rabon da beyar ya kashe mutum a garin tun 1983, amma a 2013 ya kama wata mata da asuba wani dattijo ya fito da shebur ya cece ta, dukkan su sun ji rauni sun rayu. Dan haka duk inda kika ga allon gargaɗi a bakin duwatsun teku kar a wuce shi, ko da bazara ne, kuma ba a fita bayan gari sai da ɗan jagora mai bindiga.

Sanyi kam akwai, ƙasa da sifili ne ga iska mai yanka fuska, amma kamfanonin yawon suna bayar da hayar jaket da takalmi. Matsalar gaske kuɗi ne, lokacin beyar shine mafi tsada a shekara kuma ɗakunan kwana kaɗan ne ana kama su tun watanni da yawa kafin lokaci.

Abinci ki ci kifi, akwai wani mai jan nama da ake kira char mai daɗi sosai. Nama ku saya na halal a Winnipeg ku dafa ku tafi da shi. Kuma dan Allah kar ki sako kilishi ko dambun nama a jaka daga gida, ba a shiga da nama Kanada daga Najeriya, yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ma ki rubuta su a takardar kwastam.

Baban Alkaleri:

Hajiya Allah ya kai ki lafiya. Ni ban taɓa fita waje ba amma na karanta bayanan yaran nan sau biyu kuma abin ya tsaya min a rai. Gari mai mutum 870 ba titi, amma duniya na tururuwa saboda sun san darajar dabbar da Allah ya ajiye musu har suna mata ɗaki su ƙi ba ta abinci dan kar ta lalace. Mu nan muna da Yankari murabba'in kilomita 2,244, tun 1956 aka keɓe shi aka buɗe wa jama'a 1962, ga giwaye ga ɓauna ga ruwan Wikki da ɗumin sa digiri 31 rani da damina, ga kogunan dutse na Marshall, amma baƙo zai zo ya riƙa miƙa wa gwaggon biri biskit yana ɗaukar hoto, gobe birin ya fizge ledar yaro a ce biri ne mugu. Mu ma da lokacin mu, wanda ya zo da damina ciyawa ta rufe ko ina ya ce bai ga komai ba, alhali daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne dabbobi ke sauka kogin Gaji shan ruwa. In kin je Hajiya ki lura da yadda suke yi ki zo ki ba mu labari, ke malama ce za a saurare ki. Tambaya ta ga 'yata nas, su ma nasu dabbobin suna raguwa ne irin giwayen mu, ko maharba ba sa taɓa su?

Nas Bajoga:

Baba suna raguwa, amma nasu ba maharba bane babbar matsalar, ƙanƙara ce. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2021 ta ƙiyasta beyar 618 a yammacin tekun Hudson, a 2016 kuma 842 ne, a shekarun 1980 sun kai wajen 1,200. Teku na narkewa da wuri tana daskarewa a makare sai watannin yunwar su su ƙaru, mata masu ciki da ƙanana su suka fi shan wahala. Akwai gandun Wapusk kudu maso gabas da garin da aka kafa 1996 inda matan ke haƙa rami su haihu, ba a shiga sai da izini da jagora. Akwai kuma cibiyar bincike da aka kafa 1976, tana tsohon filin harba roka bayan gari, suna karɓar baƙi su kwana su ji lacca, ina ga Mama za ta so wajen.

Almajirin Malam (Azare):

Hajiya kan maganar sallah. A Yuli rana na faɗuwa wajen goma na dare a can ta fito wajen huɗu da rabi, kuma jan shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya saboda nisan garin arewa, dan haka in kika ce sai ya ɓace za ki yi isha'i za ki jira har alfijir. Ke matafiya ce, in zaman ku a garin bai kai kwana huɗu ba kina da ƙasaru a mazhabar mu, kuma malaman ƙasashen sun yi bayanin yadda ake ƙaddara lokacin isha'i ko a haɗa ta da magariba a irin waɗannan watanni. Kafin ku tashi ɗan ki ya kai ki babban masallacin Winnipeg ki tambayi liman wanne suke bi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take ba gabas ɗin da kika saba ba, ki duba a waya tun akwai sabis dan a hanyar jirgin ƙasa yana ɗaukewa.

Tsohuwar Malama (Bauchi):

Kai Allah ya yi muku albarka gaba ɗaya, na tura wa ɗana duka ya karanta mun yi waya jiya har dare. 'Yata nas kin kusa juya min ra'ayi wallahi dan beyar ɗin nake ta hangowa, amma da ya duba kuɗin Oktoba na mu biyar ni na ce masa a'a, ga yara suna makaranta a lokacin. Mun tsaya kan ƙarshen Yuli, za mu tafi a jirgin ƙasa. Baban Alkaleri na ji saƙon ka kuma zan riƙe littafi in rubuta. Abin da ya rage, ɗan Gombe, a Yulin ba a ganin beyar ko ɗaya ne? Sannan mutanen asalin wajen fa, su waye, ana samun zama da su a ji tarihin su daga bakin su? Dan littattafan da muka koyar da su ɓangaren Turawa kawai suke kawowa.

Ɗan Gombe a Manitoba:

Ana gani Mama, sai dai ba tabbas kuma ba da yawa ba. Lokacin sun fito daga teku suna kwance a kan duwatsu ko cikin furanni suna gudun zafi, mu daga kwale-kwale muka hango ɗaya yana iyo kansa kawai a waje, in akwai hali ku kama gurbi a doguwar fita ta bakin gaɓa zuwa arewa wajen kogin Seal an fi dacewa a can. Hasken sama ne dai kar ki sa rai a Yuli dan dare ba ya duhu, sai ƙarshen Agusta yake fara nunawa.

Mutanen asali kuwa su ne fiye da rabin garin, akwai Cree da Dene da Inuit da Metis, kuma da yawan masu jagora da masu karnukan jan keken ƙanƙara su ne, da bazara ma suna ɗaura wa karnukan keke mai taya su zaga da baƙi sannan a zauna a sha shayi da wani burodin su da ake kira banok ana hira. Ki tambayi labarin Sayisi Dene, wani ɓangare na Dene ɗin, amma a hankali dan ciwo ne har yanzu. A 1956 gwamnati ta kwashe su daga ƙasar su ta zube su a bakin Churchill bisa zargin suna ƙarar da barewar daji da suke rayuwa a kanta, zargin da daga baya aka gane ba gaskiya bane, aka bar su ba kayan farauta ba matsuguni na kirki, talauci da giya da gobara suka kashe mutane da yawa, sai 1973 suka tattara suka koma daji wajen tafkin Tadoule da kan su. Gwamnatin tarayya ba ta nemi gafarar su ba sai 2016.

Ki ce masa ya kama ɗaki mai gado a jirgin tun yanzu dan kaɗan ne kuma kujera kwana biyu ba za ta yi wa gwiwar ki ba, ya nemi gadon ƙasa. Fitar kwale-kwale kuma da cikar teku take tafiya ba da agogo ba, kowace rana lokacin ta daban, in iska ta yi yawa a soke, dan haka ku sa ta a ranar farko ku bar rana ɗaya fanko a baya ko da za a ɗage. In kun iso Winnipeg ya yi min magana ta inbox, matata tana da jaket da hular sanyi da za su yi miki ba sai kun saya ba.